Tarihin Ciwon Sanyi a Ƙasar Maska da Cutar da Ta Ɓuya a Ƙarƙashinsa

1.0 Gabatarwa

A cikin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen ambaton cuta, da wuya a sami wadda aka ɗora wa kaya kamar kalmar "sanyi". Duk wanda ya tsaya a kasuwar Funtua ko ta Malumfashi ya saurari masu tallar magani, zai ji ana jingina wa sanyi ciwon mara da ciwon baya da ƙaiƙayin gaba da fitsari mai zafi da raunin mazakuta da ɓarin ciki da rashin haihuwa, duk a numfashi guda. Likitan asibiti kuwa, in aka jera masa waɗannan, cewa zai yi cututtuka ne dabam-dabam, kowace da ƙwayarta da maganinta.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan suna, watau "ciwon sanyi", a ƙasar Maska da maƙwabtanta, tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau, domin a nuna yadda wata cuta guda, wadda likitoci suke kira kilamidiya, ta daɗe tana fakewa a ƙarƙashinsa. Cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta fi kama matasa, kuma tana cikin manyan abubuwan da suke toshe wa mace hanyar haihuwa. Za a ga cewa dalilin da ya hana ta samun suna a Hausa shi ne dalilin da ya hana a nemi maganinta: ba ta cika nuna alama ba.

2.0 Ƙasar Maska

Maska tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, yankin da ake kira Katsina Laka saboda irin ƙasar nomansa. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina, ya nuna matsayin garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki a harkar auduga da tufafi tun kafin jihadi. Saƙa da rini suka ɗaukaka sunan Maska, su ne kuma suka jawo mata fatake. A zamanin mulkin mallaka hedikwatar gundumar ta koma Funtua, amma sarautar ta riƙe sunanta na asali, shi ya sa har yau hakimin Funtua yake amsa sunan Sarkin Maska. Gabas da arewa kuwa ƙasar Galadiman Katsina ce, wanda yake zaune a Malumfashi.

Akwai dalilin zaɓar wannan yanki. Ƙasashen Hausa kaɗan ne aka yi wa binciken lafiya da magani irin wanda aka yi wa wannan. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Lewis Wall ya yi nasa binciken a wani ƙauye na yankin cikin shekarun 1970, wanda ya haifar da littafinsa kan maganin Hausawa a 1988. A tsakanin nan kuma aka gudanar da babban aikin binciken cututtukan ƙasar Malumfashi, na haɗin guiwa tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila.

3.0 Yadda Bahaushe Yake Raɗa wa Cuta Suna

Idan aka dubi sunayen cututtuka a Hausa, za a tarar mafi yawansu daga abin da ido ya gani ko jiki ya ji aka samo su. Sanƙarau daga sanƙarewar wuya, shanyewar jiki daga yadda gaɓa take mutuwa, farfaɗiya daga faɗuwa, tarin fuka daga wurin da yake ci. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga mutanen da ba, domin lokacin da aka ba da rahoton farko na cutar sida a Nijeriya a 1986, ba a daɗe ba jama'a suka sa mata suna ƙanjamau, saboda yadda take ƙanjame mai ita.

A fagen cututtukan saduwa, Hausar da ta gabaci asibiti tana da sunaye biyu manya. Na farko tunjere, mai fitar da gyambo a gaba da ƙuraje a jiki, tare da kabba wadda ake dangantawa da tunjeren da ya daɗe. Na biyu ciwon sanyi, wanda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya fassara da gonoriya. Alamarsa ga namiji a fili take: mugunya ta riƙa fita daga gaba, fitsari ya riƙa yi masa zafi kamar an zuba barkono.

Abin lura shi ne sunan nan na biyu ya saɓa wa tsarin da muka ambata. Bai siffanta alama ba, dalili ya ambata. A tunanin Bahaushe sanyi abu ne mai shiga jiki, ta hanyar kwana a ƙasa mai laima, ko dukan ruwan sama, ko wanka da ruwan sanyi, ya sami wuri ya kwanta, a gaɓoɓi ko a ƙirji ko a mara. Wannan tunani ya dace da abin da malamai suka karanta a littattafan ɗibbu na Larabci, masu raba ɗabi'ar jiki zuwa zafi da sanyi da danshi da bushewa, ilmin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kansa, har da risaloli kan basur da ciwon ido. Saboda haka wanda ya ce yana fama da sanyi bai tona wa kansa asiri ba, bai kuma zargi kowa ba. Yana iya gaya wa mahaifinsa ko surukinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A al'ummar da kunya take da babban matsayi, irin wannan sakaya tana da amfani, domin tana ba majinyaci damar neman magani. Illarta ita ce ta raba cutar da hanyar ɗaukarta.

Magani ma ya bi wannan fahimta. Tun da abu ne da ya kwanta a ciki, sai a nemi fitar da shi. Boka ko wanzami ko 'yar mai ganye za su ba da saiwoyi da sassaƙe a dafa da jar kanwa, ko a ba da abin da zai sa gudawa irin su filasko, ko abin da zai yawaita fitsari. J. M. Dalziel, likitan gwamnati da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwan Hausa a 1916, kuma a babban littafinsa na 1937 ya kawo tsirrai masu yawa da ake sha don wannan ciwo. Yawan magunguna ga cuta guda shaida ce ta yaɗuwarta. Tun da alamun gonoriya sukan lafa da kansu bayan makonni ko watanni, ko da ƙwayar ta riga ta yi ɓarna a ciki, kowane mai magani yana da waɗanda za su shaide shi.

4.0 Zamanin Auduga da Jirgin Ƙasa

Kuskure ne a ce Turawa suka kawo waɗannan cututtuka ƙasar Hausa, domin sunayensu sun riga Turawa. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne ya ƙara wa zirga-zirgar mutane yawa da sauri. Ƙungiyar masu noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta gina injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtua da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Funtua ta zama mararraba, inda hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta haɗu da ta Malumfashi da ta Birnin Gwari.

Haraji kuma ya zama sai da tsabar kuɗi. Da kaka ta yi, kuɗin auduga ya shigo, sai gari ya cika da 'yan koli da 'yan dako da direbobi da leburori. Da rani ya kama, samari su fita cin rani Kano da Zariya da Kaduna, wasu kuma aka tafi da su haƙar kuza Jos, musamman a ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944. Namiji matashi, nesa da gida, da 'yan kuɗi a aljihu, a garin da ba wanda ya san iyayensa, wannan shi ne yanayin da cututtukan saduwa suke bunƙasa a ko'ina a duniya.

Sai dai bai kamata a ɗora alhakin duka a kan bariki da gidan magajiya ba. Tsarin aure shi kansa hanya ce. Ana aurar da mace da wuri, galibi ga wanda ya girme ta ya kuma riga ta sanin duniya. Ana tara mata. Saki da sake aure ba baƙon abu ba ne. Renée Pittin, wadda ta yi nazarin rayuwar matan birnin Katsina a shekarun 1970, ta nuna cewa mace guda tana iya ratsa aure da zawarci da zaman kanta, ta kuma koma aure. Haka nan sarakuna sukan ba mata masu zaman kansu wa'adi, musamman lokacin fari, cewa ko su yi aure ko su bar gari. An yi wannan da niyyar gyara, amma ta fuskar lafiya babu awo ko magani a cikinsa, sai dai sauya wa cuta masauki. A gidan da yake da mata uku kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

5.0 Zamanin Allura

A Turai an gano ƙwayar gonoriya a 1879 ta hannun Albert Neisser, aka gano ta tunjere a 1905, a 1910 kuma aka fito da allurar Salvarsan. Allurai irin wannan su ne suka fara saya wa maganin Turawa daraja a idon talaka, domin gyambon da ya ƙi jin magani shekara da shekaru yana iya bushewa cikin 'yan kwanaki. Tun daga wajen 1930 gwamnatocin En'e suka shiga buɗe ɗakunan shan magani a hedikwatocin gundumomi. A 1938 kamfanin May & Baker ya fito da ƙwayar M&B 693, wadda ta yi suna wajen kashe ciwon sanyi. A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa doka kan cututtukan saduwa, a lokacin da yaƙin duniya na biyu ya sa hankalinta ya tashi kan lafiyar soja. Bayan yaƙi sai fenisilin ya wadata.

Fenisilin ya yi abin al'ajabi. Saurayi zai zo yana cije leɓe saboda zafin fitsari, a yi masa allura, kafin kwana biyu ya miƙe. Daga nan ne allura ta fita daga hannun malamin asibiti ta shiga hannun 'yan allurar ƙauye da masu kemis. Amma tun a lokacin likitoci a ƙasashe da dama suka lura da wani abu. Cikin waɗanda aka yi wa allura suka warke, akwai da yawa da suke dawowa bayan mako ɗaya zuwa uku, da wani ruwa tsararo yana fita da ɗan raɗaɗi wanda bai kai na farko ba. In aka duba a madubin likita ba a ganin ƙwayar gonoriya. Likitoci suka rasa sunan da za su ba wannan abu, sai suka kira shi kumburin mafitsara wanda ba na gonoriya ba, watau suka ambace shi da abin da ba shi ba ne. Majinyacin ƙauye kuwa cewa zai yi sanyin ne ya motsa, ko allurar ce ba ta da ƙarfi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da yake faruwa shi ne cututtuka biyu mutum ya ɗauka a lokaci guda. Gonoriya mai gaggawa ce, takan bayyana cikin kwana biyu zuwa bakwai. Abokiyar tafiyarta takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Fenisilin yana kashe ta farko, ba ya kawar da ta biyu. Akwai maganin da yake kashe ta biyun a kowace kasuwa, watau kafson tetarasaikilin, amma sai an sha shi sau huɗu a yini har kwana bakwai. Mai sayen kafso biyu a faranti ya haɗiya bai yi kome ba face rufe bakin ciwon. Ita gonoriyar ma ba ta zauna haka ba, domin a 1976 aka gano wani irinta da yake karya ƙarfin fenisilin, kuma ɗaya daga cikin tushensa Afirka ta Yamma ne.

6.0 Gano Kilamidiya

Ta hanyar ciwon ido aka fara sanin wannan ƙwaya. A 1907 wasu masana biyu, Halberstaedter da Prowazek, waɗanda suka bi ayarin Neisser zuwa tsibirin Jawa don binciken tunjere, suka ga wasu ƙulle-ƙulle a cikin ƙwayoyin halittar ido mai amosani. Sun ga kamar abin yana lulluɓe da mayafi, saboda haka suka ciro masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin alkyabba. A 1957 Tang Feifan da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka ba da rahoton raya ƙwayar a cikin ƙwan kaza. A 1959 a birnin Landan aka ciro ta daga idon wani jariri da kuma bakin mahaifar uwarsa. A 1965 aka sami dabarar raya ta a ɗakin bincike ba tare da ƙwai ba, cikin shekarun 1970 kuma ya tabbata cewa ita ce babbar mai haddasa ciwon nan da yake saura bayan fenisilin.

A nan akwai abin da ya kamata masanin harshe ya tsaya a kansa. Ƙwayar iri-iri ce. Wasu ire-irenta ido suke kamawa, suna yaɗuwa ta hannu da tsumma da ƙuda, su kumbura fatar ido har gashin ido ya juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido, daga ƙarshe a makance. Wannan Bahaushe ya gan shi, ya kuma ba shi suna amosanin ido. Wasu ire-iren kuwa al'aura suke kamawa, ta saduwa suke yaɗuwa, kuma mafi yawan matan da suka kamu da su, da kusan rabin maza, ba sa jin kome. Dangi ɗaya ne, amma wanda ya fito a fuska ya sami suna, wanda ya shige ciki ya rasa.

7.0 Abin da Aka Gani a Malumfashi da Zariya

Asibitin Malumfashi a shekarun 1970 reshe ne na asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Masu binciken cututtukan yankin sun ba da ƙarfi ga zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da ƙidayar haihuwa da mutuwa. Sun yi nazarin yadda yara da masu wanki da masunta suke shiga ruwan madatsar Ruwan Sanyi, inda ake ɗaukar tsargiya. Ita tsargiya tana da alaƙa da zancenmu, domin tana sa fitsarin jini da zafi, kuma tsutsa ce ta ruwa, ba ruwanta da saduwa. Yaron da ya tashi yana ganin jini a fitsarinsa da na abokansa, in ya girma ba zai ɗauki ɗan raɗaɗin mafitsara a bakin kome ba.

A 1981 Murray Last ya buga wata maƙala da ta yi fice, wadda ya gina a kan abin da ya gani a wannan yanki. Ya nuna cewa majinyaci sau da yawa bai san ainihin abin da yake damunsa ba, bai kuma damu da ya sani ba. Abin da yake nema sauƙi ne, ko daga asibiti ko daga malam ko daga boka. Irin wannan hali ba ya cutarwa ƙwarai ga ciwon da yake tafiya in alamarsa ta tafi. Ga kilamidiya kuwa, samun sauƙi ba warkewa ba ne.

A Zariya, inda ake tura manyan larurori daga Funtua da Malumfashi, likitocin asibitin jami'a, C. S. S. Bello da abokan aikinsa, sun buga rahoto a 1983 kan majinyata fiye da 3,000 da suka je sashen cututtukan saduwa daga 1977 zuwa 1981. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu gonoriya ce ta kawo su. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar kuwa an sa su a rukunin ciwon al'aura wanda ba a tantance ƙwayarsa ba, rukunin da yau aka san kilamidiya tana da babban kaso a cikinsa. Wani adadi a rahoton ya fi waɗannan nauyi: maza shida ne suke zuwa kafin a sami mace ɗaya. Cuta ce da ba ta kama mutum sai da abokin tarayya, saboda haka tambayar ita ce ina matan suke. Suna gida, wasu cikin kulle, wasu kunya ta hana su, mafi yawa kuwa ba su ji ciwon kome ba.

8.0 Wadda Abin Ya Faɗa wa

Ga namiji, iyakar ɓarnar kilamidiya galibi raɗaɗi ne, wani lokaci da kumburin maraina. Ga mace kuwa, in ba a yi magani ba, ƙwayar tana iya hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwan haihuwa yake bi, ta kumbura shi, ya warke da tabo. In tabon ya toshe hanya, ciki ba zai shiga ba. In ya ƙuntata ta kawai, ciki yana iya tsayawa a cikin bututun maimakon mahaifa, ya fashe, jini ya zuba a ciki, abin da yake kisa in ba a yi aiki da gaggawa ba. Mai ciki kuma tana iya shafa wa jariri lokacin haihuwa, ya kamu da ciwon ido ko ciwon huhu. 'Yan mata sun fi shiga haɗari, domin bakin mahaifarsu bai gama ƙwari ba. A ƙasar Maska kuwa, in ana zancen matasa masu saduwa, kaso babba amare ne a ɗakunan mazansu.

Sanannen abu ne yadda al'ada take ɗaukar macen da ta shekara uku ko huɗu ba ta haihu ba. Za a kira ta juya, a sha mata rubutu, a kai ta wurin bori, a da har yankan gishiri akan yi mata, wanda shi kansa yana jawo yoyon fitsari. Daga nan sai kishiya, ko saki. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a 1949 da 1950, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, sai riƙon 'ya'yan dangi. Rashin haihuwa dalilansa suna da yawa, daga ɓangaren mace da na namiji. Abin da tarihin nan yake nunawa shi ne ɗaya daga cikin manyan dalilan abu ne da magani na kwana bakwai yake hanawa, kuma sau da yawa mijin da yake gorin shi ne ya shigo da shi.

A yau kalmar ta ƙara faɗi. Ana cewa sanyin mata, sanyin mara, sanyin gado, ga kuma "infekshan" da aka aro, wanda ake cewa a ban-ɗaki ake ɗauka. Gaskiyar magana, da yawa daga abin da mata suke kira sanyi, irin su ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, ba cutar saduwa ba ce ko kaɗan. Ita kuwa kilamidiya ba a ɗaukar ta a masai, ba a kuma gadon ta a jini. Ke nan suna ɗaya yana sa a zargi wadda ba ta da laifi, yana kuma wanke cutar da ya kamata a nema.

9.0 Awo da Magani a Yau

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa da kilamidiya wajen miliyan 129 a duniya tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, a yayin da gonoriya take da miliyan 82. Tun shekarun 1990 aka sami awo mai gano ƙwayar daga fitsari, ko daga ɗan auduga da mace za ta iya shafawa da kanta. Ingila ta fara shirin auna matasa a 2003, a Amurka kuma ana ba duk mace mai saduwa da ba ta kai shekara 25 ba shawarar yin awo kowace shekara, ko da lafiyarta lau. Na'urar GeneXpert da asibitoci da yawa a Nijeriya suke awon tarin fuka da ita tana iya yin wannan awo in an sami kayan aikinsa.

Abin da aka fi bi a ƙananan asibitocinmu shi ne tsarin magani bisa alamu: in namiji ya zo da fitar mugunya, a ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya gaba ɗaya. Wannan ya toshe ɓarakar zamanin fenisilin, amma bai kai ga wadda ba ta da alama ba. Maganin kansa ba shi da wuya: dokisisaikilin miligiram 100 sau biyu a yini har kwana bakwai, ko azitromaisin giram ɗaya a sha sau ɗaya, wanda shi ake ba mai ciki, kuma shi ne ake rabawa a ƙauyuka don yaƙi da amosanin ido. Sharaɗin shi ne ma'aikacin lafiya ya rubuta, a shanye duka, a ƙaurace wa saduwa kwana bakwai, a yi wa miji da matansa duka magani a lokaci guda, a kuma sake awo bayan wata uku, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa. Kwaroron roba yana rage ɗauka ƙwarai.

Kada a ce al'ada ba za ta karɓi awo ga mai lafiya ba. Shekaru talatin da suka wuce da wuya waliyyi ya nemi takardar likita kafin ɗaurin aure, amma yau awon ƙanjamau da na rukunin jini sun zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da awo kafin aure doka a 2024. Abin da ya sa aka karɓa shi ne an san sunan cutar, an ji shi daga bakin liman da malamin makaranta da gidan rediyo.

10.0 Kammalawa

An ga yadda "ciwon sanyi" ya fara a matsayin sakaya mai rufa wa majinyaci asiri, yadda auduga da jirgi da cin rani suka faɗaɗa hanyoyin cutar a ƙasar Maska, da yadda allura ta kashe gonoriya ta bar kilamidiya. An kuma ga cewa mace matashiya ce ta fi ɗaukar nauyin abin. Samar da kayan awo aikin hukuma ne da likitoci. Amma akwai rabon masana Hausa da malamai da masu fassara, domin duk takardar faɗakarwa da ta fassara cututtuka huɗu ko biyar da kalmar "sanyi" ta ƙara wa mai karatu duhu. Shawarar wannan maƙala ita ce a bar "ciwon sanyi" ga gonoriya kamar yadda ƙamusoshi suka ajiye shi, a riƙa rubuta "kilamidiya" da sunanta, a kuma bi ta da bayani mai sauƙi irin su "sanyin ɓoye", domin mai saurare ya gane cewa akwai ciwon da ba a ji, wanda sai awo yake nunawa. Hausawa suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wajibinmu shi ne mu ba kunnen kalmar da zai ji.